Kyanwa da Hannun Kujerar Baba

Akwai wata ƙara da in na ji ta sai ludayi ya tsaya a hannuna. Ƙarar farcen kyanwa ce a jikin yadin kujera, ƙyat, ƙyat, ƙyat, sai ka ji ɗan zare ya tsinke. Jiya da hantsi na ji ta daga falona ina cikin kicin ina juya miya. Na ɗauki tsintsiya da niyyar in kori mai laifi, amma kafin in kai bakin ƙofa zuciyata ta riga ta yi tafiyarta. Sai ga ni a Rikoto, cikin garin Zuru, 'yar firamare mai kitson da ya tsufa, ina kwance a tabarma ina kallon gajimare yana sauka a kan duwatsu. Zauna in ba ka labarin, miyar ma ta jira.

A farkon shekarun dubu biyu aka kai ni gidan kakannina. Mahaifina soja ne, kamar yadda mahaifinsa ya yi soja, kamar kusan kowane gida a layinmu. Mahaifiyata ta zauna a bariki can Kudu da ƙannena ƙanana, ni kuma aka ce in zauna a gida in yi makaranta. Kakana namiji muna kiransa Baba Tsoho, sauran mutane kuwa Saje suke ce masa, don da wannan muƙamin ya yi ritaya. Kakata mace kuwa Kaka kawai. Baba Tsoho yana da wata ɗabi'a: in zai ba da umarni da Hausa yake yi, Hausar bariki mai kaushi, in kuwa zuciyarsa ta yi laushi sai ka ji ya koma C'lela, yarenmu, muryarsa ta sauka ƙasa. Ni dai "amarya" yake kirana, irin wasan jika da kaka, ni kuma ina ce masa ba na son miji mai furfura.

Da ruwan farko na wata damina Baba, wato mahaifina, ya zo hutu, saboda za a tura su aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa. Har yau ina ganin a-kori-kurar da ta kawo shi tana tangaɗi a kan hanyarmu mai duwatsu, an ɗaure kujerar kushin a bayanta ƙafafu sama. Kujerar ja ce mai duhu, launin zoɓon da ya jiƙu sosai. Ya ce ta Baba Tsoho ce, ya huta da zaman benci. Daga nan ya tsuguna a gabana, ya sa hannu cikin rigar sanyinsa ta soja, ya fito da 'yar kyanwa toka-toka wadda ba ta cika tafin hannunsa ba. Ya ce ya tsince ta a tasha tana kuka ƙarƙashin tebur ɗin mai shayi. Ya ce, "Wannan taki ce. Ki riƙe mini ita har in dawo."

Baba Tsoho ya ƙi zama a kujerar. Ya ce soso yana kashe bayan namiji, shi da ya kwana a ramuka ba zai tsufa a kan auduga ba. Don haka Baba ne ya riƙa zama a cikinta duk tsawon hutunsa. Da la'asar, in ruwa ya ɗauke, ƙasa tana ƙamshi, yakan zauna yana fuskantar taga, hannunsa na dama a kan hannun kujera, 'yar kyanwar kwance a ƙarƙashin tafinsa tana wannan kur-kur ɗin na maƙogwaro. Ni ina zaune a ƙasa na jingina da ƙafarsa. Ba ma wata hira mai yawa. Ɗigon ruwa ne kawai ke sauka daga kwano cikin bokiti, ga hayaƙin murhun Kaka yana shigowa a hankali.

Ranar da zai tafi ya cire rigar sanyin nan ya rataya mini a wuya. Koriya ce mai kauri, da faci a gwiwar hannu. Ya ce inda za su zafi ne, ba ta da amfani. Rigar tana warin man takalmi da sabulun wanki da ɗan gumi, warin Baba dai. Na ninke ta na sa ƙarƙashin matashina, na kuma yi wa Kaka kashedi cewa duk wanda ya wanke ta ni da shi ne.

Bayan tafiyarsa kujerar ta zama wani abu dabam. Baba Tsoho ya sa Kaka ta lulluɓe ta da farin ƙyalle mai ɗinkin furanni, ya kafa doka: babu mai zama sai mai ita ya dawo. Na ce, "Ai kai ne mai ita." Ya ce in rufe masa baki. Fasto ma in ya zo gaisuwa benci ake ba shi, ga kujera a gefe tana zaune kamar baƙuwar da ba a san yarenta ba. Kowace safiya Baba Tsoho yakan shiga falon shi kaɗai ya kakkaɓe ta, sannan ya fito da rediyonsa ya zauna gindin gwaiba yana murɗa tasha, ko za a ambaci ƙasar da aka kai su. A lokacin wayar hannu ba ta zama ruwan dare a wurinmu ba. Labari sai wani ya dawo hutu ya ce ya ga Baba, yana lafiya, yana gaida kowa. Da wannan muke rayuwa har wani ya sake dawowa.

Ita kuwa kyanwa sai girma take yi, tana ƙara rashin ji. Kaka tana ce mata mussa, yadda mutanen wajenmu ke faɗa. Kyanwar nan ba ta san ƙasa wurin tafiya ce ba. Labule ta hau, gidan sauro ta hau, saman kabad inda Kaka ke jera kwanukan tangaran ta hau ta bi ta tsakaninsu ba ta taɓa ko ɗaya ba. Da rana nakan kwanta a tsakar gida in gan ta a ƙoƙuwar rumbu, bayanta duwatsun Zuru sun yi kore shar, gajimare na wucewa, har in rasa ko ita ce ke tafiya ko sama ce. Nakan ce a raina daga can tana hango Baba, in ta sauko sai in ɗauke ta in leƙa cikin idonta ko zan ga abin da ta gani. Yaro da wauta! Amma na yarda da hakan har zuciyata.

Wata safiya, dawa ta fara fitar da kai, muka ji Baba Tsoho ya daka tsawa daga falo. Muka ruga ni da Kaka. Yana tsaye riƙe da farin ƙyallen, yana nuna hannun kujera na dama. Wayyo! Yadin ya tashi, zaruruwa sun zubo kamar gemun masara. Ashe kyanwar takan kutsa ƙarƙashin ƙyallen ta yi barcinta, in ta farka ta miƙe ta wasa farcenta a wurin. Ita kuwa mai laifin tana kan taga tana lasar ƙafa, ko a jikinta.

Baba Tsoho bai doke ta ba. Ya juya gare ni da Hausar bariki ya yanke hukunci. Akwai wani ɗan'uwansa a Dabai da ɓeraye suka addabi rumbunsa, ya daɗe yana neman kyanwa. In aka yanke dawa wannan dabba ba ta daina ba, can za ta. Ya ɗauko buhu ya rataya a ƙusar da ke bakin ƙofar falo, inda dole in gan shi in zan shiga, in gan shi in zan fita. Na fashe da kuka na ce Baba ya ce in riƙe masa ita. Ya ce, "Ni ma ya ce in riƙe masa kujera." Baba bai faɗi haka ba, na sani, amma ban iya musa masa ba. Tsoro ya kama ni sosai, domin a ganina in Baba ya dawo bai tarar da kyanwar ba, na ci amanarsa, kuma wani abu a zuciyata yana raɗa mini cewa in ta bar gidan shi ma ba zai dawo ba.

Sai dai a gaida Baba Tsoho wajen adalci. Ya ce ba a korar kurtu sai an ba shi horo. Tunda karta take so, za a yi mata wurin karta na hukuma. Ya sari reshen dogon yaro miƙaƙƙe, ya ɓare ɓawon tas, ya zauna da fasasshiyar kwalba yana kankare shi har ya yi santsi kamar ƙotar fartanya da ta sha hannu. Bai tsaya nan ba. Ka san tsohon soja, duk abin da ba ya motsi sai ya shafa masa farar ƙasa: duwatsun bakin ƙofarmu farare ne, gindin gwaiba fari, har turken akuya bai tsira ba. Ya shafe sandar fari fat, ya kafa ta a tsakiyar gida inda rana ke duka, ya kewaye ta da ƙananan duwatsu a jere. Ya ja da baya ya dube ta, hannaye a baya, ya gyaɗa kai.

Daga nan fareti ya fara. Kullum da safe kafin in tafi makaranta sai in kawo kyanwa, shi kuma ya kama ƙafafunta na gaba ya ɗora a sanda yana ja ƙasa. "Lef, rai! Lef, rai!" Farcen ya zame, babu abin kamawa. Ta fizge, ta koma gefe tana karkaɗe farar ƙasa daga ƙafarta tana yi masa wani irin kallo. Shi kuma ya ce, "Ajuwaya!" wato a sake. Yaran maƙwabta suka riƙa hawa katanga suna kallo, suna tuntsira dariya. Rana ɗaya ta yi tsalle ta ɗare kan sandar ta zauna, ta naɗe wutsiya, tana kallonmu daga sama. Baba Tsoho ya ce an fara samun ci gaba. Da ya shiga falo ya ɗaga ƙyalle, sai ga sabuwar ɓarna.

An gwada rufe ƙofa, ta bi ta tagar da sakatarta ta lalace. An gwada yayyafa mata ruwa, ta koyi jira sai ba kowa. Ni kuma ina zaune a aji hankalina na gona. In na dawo ta hanyar bayan gari sai in tsaya in matsa kan dawa in ji ko ta yi tauri. Kowa a coci yana roƙon amfanin gona ya nuna lafiya, ni kaɗai ce ke rufe ido ina roƙon Allah ya sa dawa ta yi jinkiri. Ita kuwa sai ja take ƙarawa, tsuntsaye na sauka a kanta, iskar yamma na kaɗa ta har bakin dutse.

Duk wannan abin a idon Kaka ake yi. Tana zaune tana ɓarar gyaɗa, tana kallon fareti ta wutsiyar ido. Kaka mace ce da ba ta gaggawar magana, takan bar ka ka gama wautarka tukuna. Wata la'asar, Baba Tsoho ya tafi wurin 'yan'uwansa tsofaffin sojoji, ta kira ni falo ta ɗaga ƙyallen. Ta ce in duba hannun hagu. Lafiya lau, ko zare ɗaya bai tashi ba. Ta ce in duba baya, in duba ƙafafu. Babu komai. Hannun dama kaɗai, daidai inda tafin mutum ke sauka.

Ta ce, "Mussar nan ba kujera take so ba. Mai kujera take nema."

Ta yi mini bayani a hankali, tana murza zaren da ya tashi. Kyanwa ba ta karta don mugunta. Takan yi ne in ta tashi daga barci, a kusa da inda ta kwanta, a kan abin da farce zai kama, kuma a inda hancinta ya ce mata nan gida ne. Sandar Saje tana da santsi, tana warin farar ƙasa, tana tsakiyar rana, me za ta je yi a can? In ana so ta bar kujera, sai a ba ta wani abin da ya fi kujera warin Baba. Ta dube ni. Ba ta ambaci rigar ba, amma na gane.

Na ce atafau. Rigar nan ita ce nake cusa fuskata a ciki in kewa ta taso mini. In na rufe ido a cikinta nakan ji kamar ina jingine da ƙafarsa, ruwa na ɗiga a bokiti. A ce in ba farce ya yayyaga ta? Na ce Kaka ta nemi wata dabara. Ta ce to, ta koma kan gyaɗarta. Haka na yi ta yawo da abin a raina, in dubi buhu a ƙusa, in dubi matashina.

Abin da ya karya ni, wata safiyar Asabar ce. Na tashi zan ɗebo ruwa, na ga ƙofar falo a buɗe kaɗan, na leƙa. Baba Tsoho ne a tsaye gefen kujera, tsumman kakkaɓa a kafaɗarsa bai ko taɓa shi ba. Ya tura hannunsa ƙarƙashin ƙyallen, ya ɗora tafinsa a hannun dama, daidai wurin da aka yayyaga. Idonsa a rufe, leɓɓansa na motsi. Hasken safiya ya shigo ta taga ya sauka a furfurarsa. A ƙasa kuma ga kyanwa zaune kusa da ƙafarsa, bai kore ta ba. Na daɗe ina kallonsu. Ashe kakkaɓar da yake shiga yi kowace safiya ke nan. Tausayinsa ya kama ni har na manta da bokitin da ke hannuna.

Na koma ɗaki na ɗauko rigar. Na shaƙe ta sosai, na sake shaƙa, sannan na kai wa Kaka. Da Baba Tsoho ya fito ta tare shi gindin gwaiba ta faɗa masa shawararta. Ya ce shi ya horar da ɗaruruwan kurata, ba mace ce za ta koya masa aiki ba. Kaka ta ce, "Saje, kai da ka yi shekaru kana golmo a gonar babana, kana noma rana da ruwa kafin a ba ka ni, yau mussa ce za ta ƙure haƙurinka?" Golmo shi ne noman da saurayi ke yi wa surukai a al'adarmu kafin a ba shi mata, kuma babu abin da Baba Tsoho ke alfahari da shi kamarsa. Ya buɗe baki zai ba da amsa, sai ta miƙa masa rigar. Ya karɓa, ya juya ta, ya taɓa facin gwiwar hannu. Ya kai ta kusa da fuskarsa kamar mai duba ɗinki. Da ya yi magana, da C'lela ya yi, ya tambaye ni ko na yarda da gaske. Na gyaɗa kai, hawaye na zuba.

A ranar ya ɗauki gatari ya hau dutse, ya dawo da guntun kututturen kaɗanya, da ɓawonsa mai kaushi a jiki. Ya zauna a inuwa da ɓawon rama da aka jiƙa, ya naɗe wando, yana tufka igiya a cinyarsa. Na zauna ina miƙa masa zare. Tafinsa na tafiya yana dawowa, igiya na fita ta bayansa tana taruwa, kurciya na kuka a kan rumbu, har barci ya fara ɗibata. Ya naɗa rigar a jikin kututturen, ya bi ta da igiya zagaye-zagaye, yana barin tsakani inda kore ke leƙowa. Da ya gama ya waiwaya yana neman tukunyar farar ƙasa. Kaka ta riga ta ɓoye ta a ɗakin girki.

Ba a tsakar gida aka kafa shi ba. Kaka ta sa aka dasa shi cikin tsohon turmi aka cika da duwatsu don kada ya yi rawa, aka ajiye shi a falo manne da hannun dama na kujerar. Hannun kujerar kuma ta goga masa ɓawon lemun tsami, wanda kyanwa ba ta ƙauna ko kaɗan. Ta ba ni kan busasshen kifi ta ce in riƙe, in ta taɓa kututturen in ba ta, kada in kama ta, kada in yi mata magana. Baba Tsoho ya so ya tsaya ya ba da umarni, aka kore shi waje, ya koma leƙe ta taga.

Da azahar kyanwar ta farka daga barcinta. Ta yi hamma, ta miƙe, ta nufi hannun kujera kamar kullum. Ta shinshina, ta yi atishawa, ta ja da baya. Sai hancinta ya juya. Ta zagaya kututturen, ta goga kumatunta a inda rigar ta leƙo, ta sake gogawa. Daga nan ta tashi a kan ƙafafun baya, ta miƙa jikinta iya tsawonsa, ta kafa farce. Ƙyat, ƙyat, ƙyat. Kowace ƙara kamar a jikina, amma dariya nake yi. Daga taga muka ji an ce, "Yawwa, soja!" a hankali, don kada a tsorata kurtu.

Ba a rana ɗaya ta daina ba, kada in yi maka ƙarya. Takan manta ta koma wa kujera, a sake goga lemu, a sake kifi. Kaka ta riƙa matsar da turmin kaɗan-kaɗan, yau taƙi ɗaya na hannu, wani lokaci a bar shi ya kwana biyu, har ya kai bakin ƙofa, har ya fita baranda, kyanwa na biye da shi. Ranar da aka fara yankan dawa Baba Tsoho ya sauke buhun daga ƙusa, ya tafi da shi gona, ya dawo da shi cike da zangarniya. Ɗan'uwansa na Dabai kuma aka ce ya yi haƙuri har kyanwar ta haihu. Ni dai na rasa rigata. Amma in na kwanta barcin rana kyanwar takan zo ta naɗe a wuyana, kumatunta ɗauke da ɗan abin da ya saura na warin, in shaƙa har in yi barci.

Sai da wata daminar ta zo ta kusa wucewa Baba ya dawo. Ya rame, ya yi baƙi, kuma wani wari yake yi da ban sani ba, na magani da baƙon sabulu. Na ruga zan rungume shi, na tsaya turus a gabansa, kunya ta kama ni. Kyanwar ma ta shinshina takalminsa, ta juya ta tafi wurin kututturenta ta goga kai. Ya bi ta da kallo, ya ga koren zaren da ke lilo tsakanin igiya, ya dube ni.

Baba Tsoho ya kai shi falo, ya yaye farin ƙyallen da hannunsa, ya ƙame ya ce, "Rahoto: an samu ɓarna a ɓangaren dama, amma an shawo kan lamarin." Baba ya yi murmushi, na farko tun isowarsa. Ya zauna, ya ɗora hannu, yatsunsa suka sami zaruruwan.

Ya daɗe a gida a wannan hutun, kuma yawancinsa a kujerar ya yi shi. Ba ya ba da labarin inda ya je. In aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura. Yakan zauna yana kallon duwatsu ta taga tun hantsi har inuwa ta juya, yatsunsa na jan zare ɗaya bayan ɗaya, shi kansa bai san yana yi ba. A hankali soso ya bayyana, daga baya katako ya leƙo. Wata la'asar kyanwar ta yi tsalle ta kwanta a wurin, ya ɗora tafinsa a bayanta, yatsun suka huta na ɗan lokaci. Abin da farce ya fara, Baba ne ya ƙarasa shi da hannunsa, Baba Tsoho kuma yana gani bai hana shi ba. Ni da bakina da ba ya shiru na raɗa wa Baba Tsoho, "Angona, a ɗauko buhu ne?" Bai yi dariya ba. Kaka ce ta amsa daga inda take tsintar wake. Ta ce, "A bar shi. Shi ma akwai waɗanda yake nema." Sai da na girma na ji cewa ba duk waɗanda suka tafi tare ne suka dawo ba.

Yau Kaka da Baba Tsoho suna kwance a maƙabartar da ke gindin dutse, kyanwar kuma gindin gwaiba. Rikoto ta cika da gidajen bulo, gonar da nake matsa kan dawa ta zama shaguna, kowane yaro da waya a hannu, ba mai jiran wani ya dawo hutu kafin ya ji muryar ubansa. Kujerar tana nan. Masu gyaran kushin sun sha cewa a kawo su sake mata yadi, Baba ya ce hannun dama dai kada wanda ya taɓa. Ni kuma ina birni da tawa kyanwar. Har na saya mata irin sandar nan ta kanti mai kafet a jiki da ƙwallo na lilo, kuma tana amfani da ita, ba ta taɓa damun kujeruna ba.

Sai kwanakin baya da Baba ya zo ganin likitan ido ya ɗan zauna da mu. Ya tsufa, furfurarsa ta kamo ta Baba Tsoho. Ya zaɓi kujerar kusa da taga, kullum yana nan da kyanwa ƙarƙashin tafinsa. Makon jiya ya koma Zuru. Jiya da na iso falo da tsintsiya a hannu, a can na sami kyanwar, a hannun dama na kujerar kusa da taga, zare ya fara zubowa.

Na san maganin abin, ai a gabana aka haɗa shi. Baba ya manta hularsa ta saƙa a nan, ban wanke ba, ban kuma gaya masa ba, tana ƙarƙashin matashina. Na tsaya na yi tunanin igiya da lemun tsami da kan kifi. Sai na jingina tsintsiya a bango, na koma kan miyata. Wancan karon na ba da riga. Wannan karon hular tawa ce, kujerar kuwa kyanwar ta ci ta ƙoshi.